Wata Huɗu Ina Yabon Bita

Nu'aija, Doha.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare miki hanya sama da ƙasa, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

Na san za ki yi dariya: gida ɗaya, falo ɗaya, amma sai an haɗa da takarda. To ya zan yi? Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Sau uku a makon nan na kira ki da niyyar mu yi magana, sau ukun duk na ɓige da tambayarki ko kin auna akwatinki. Mamanki ta ce in na ƙara ɗaga zancen akwatin nan, ni za ta ɗora a kan sikelin.

Ba sanyin Ingila nake ji miki tsoro ba, don rigunan da mamanki ta cusa miki sun isa mutum uku. Ba karatun ba ne kuma, kanki yana ja. Abin da ke hana ni sukuni kalma biyu ce da kika gada a wurina: "ba komai". Kin tuna takalmin da Gwaggonki Rabi ta aiko miki wata Sallah? Yini guda kika yi a cikinsa yana cin dugaduganki, duk wanda ya tambaya ki ce ya yi miki daidai, sai da mamanki ta ga jini a safa. Ranar ta yi ta faɗa, ni kuwa ban ga laifinki ba, don na san inda kika samo shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ga shi yanzu takardar makarantarku ta ce bayan karatun kimiyyar abinci za ki yi wata shida a ɗakin gwaji na wani kamfanin lemo, a zaunar da ke cikin masu ɗanɗano. Wato aikin da ba a bukatar komai a wurinki sai ki faɗi abin da harshenki ya ji. Da na karanta sai na tuna da kaina, don ni ma na taɓa zama a irin kujerar nan, na kusa raba wani bawan Allah da abincinsa. Ban taɓa ba ki labarin ba. Mamanki ta sani, kuma duk ranar da na cika baki a gida takan dube ni ta ce, "Malam Garba, a kawo bita?"

Lokacin kuna Ringim ke da ita, kina firamare, ni kuma ina shekarata ta biyu a nan, ina tuƙa motar rarraba kaya a wani kamfanin shigo da kayan abinci da ke wajen Mesaimeer. Manajanmu wani Bature ne ɗan Ingila, Mista Denis, dogo mai jan fuska, mutum mai kirki da surutu. Abu ɗaya yake kewa a ƙasarsu, wani abin sha da suke kira bita. Asalinsa giya ce da ake yi da sha'ir da wani fure mai ɗaci. To sai wani kamfani a can ya fara yin irinsa da aka raba shi da barasa, Mista Denis kuwa ya ƙudura sai ya shigo da shi kasuwar Doha. Wata Alhamis ya tara mu shida a ofishinsa, kowa da ƙasarsa, ya ce yana son jin ra'ayin harsuna daban-daban.

Kuskurena na farko ban ma kai ga zama ba na yi shi. Ina ganin kwalba mai duhu, ya tsiyaya a kofin gilashi kumfa ta taso, sai na ja a'uziyya da ƙarfi na fice na bugo ƙofa. Kafin la'asar duk Bahaushen da ke masaukinmu ya ji cewa Bature ya kulle Musulmi a ɗaki zai ɗura musu giya. Ni na faɗi rabi, bakunan mutane suka cika sauran.

Da safe Usman ya tare ni. Usman mutumin Sudan ne, shi ke riƙe da sito, dattijo mai sanyin magana wanda ba a taɓa rasa shi a sahun farko. Ya miƙo mini takardu biyu, ta gwajin da aka yi wa kayan da ta masu binciken abinci a tashar jiragen ruwa, duk da hatimi. Ya ce, "Ya Garba, ka iya karatu ko in karanta maka? Ni da furfurata zan zauna a ba ni giya? Da ka tambaya, da ka huta, mu ma mun huta." Ban bar shi nan ba, na je na sami limamin masallacinmu. Ya duba takardun ya ce tunda babu abin sa maye a ciki, ba giya ba ce, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bar shi, ba tare da ya yi wa kowa ƙazafi ba.

To Ummi, can inda za ki, ta gaskiyar tana nan, mai barasar, kuma za ki gan ta a kan tebur. Tun ranar farko ki sami shugabarki ko shugabanki ki ce ke ba kya ɗanɗana abin da ke da barasa, ki faɗa da murya irin ta mai faɗin sunansa, ba ihu ba rawar baki. Duk kofin da aka ajiye a gabanki ki tambayi abin da ke ciki, ki nemi ganin takardarsa. Matambayi ba ya ɓata. Kada ki yi irin ficewata, kada kuma ki kai kofi baki ki yi kamar kin kurɓa don kada a ce kin cika tsirfa.

Alhamis ta gaba na koma ofishin da kunya kamar ƙasa ta tsage. Mista Denis bai ce mini uffan ba game da abin da ya wuce, sai ma ya ja mini kujera. Wannan karamcin shi ya jefa ni a kuskure na biyu.

Ya koya mana yadda ake yi. A ɗaga kofi wajen haske a duba launi, ya ce mai kyau yakan yi kamar shayi ba madara, garau, ba gurɓata. A duba kumfa, 'yar siririya ce ke zagaye bakin kofi, ba tuli ba. Kada ya yi sanyi ƙarara, don sanyi yana ɓoye ƙamshi. Sai a juya kofin a hankali a kai hanci. Ni dai na ji ƙamshin ƙanzo da na gasasshiyar gyaɗa, da wani abu kamar ɗanyar ciyawa, har na fara cewa a raina abin ba laifi. Ya ce a kurɓa kaɗan, a bar shi ya zagaya baki, sannan a haɗiye, don ɗacin a can ƙarshen harshe yake jira.

Na haɗiye. Ummi, na sha maɗaci ina yaro, na sha jiƙon dogonyaro lokacin zazzaɓi, amma waɗannan aƙalla an gaya mini magani ne. Wannan kuwa an ce don nishaɗi ake sha. Idona ya kawo ruwa. Na duba sauran, kowa ya yamutsa fuska yana rubuta maki uku, maki huɗu a takardar da aka raba mana. Usman ya ba da biyar, ya rubuta dalilinsa a ƙasa. Sai Mista Denis ya juyo kaina, idonsa fal da fata kamar wanda ya kawo ɗansa a gani, ya ce, "Garba, yaya ka ji?"

Ke kin san yadda aka rene mu. Mutum ya ba ka abu da hannunsa a ɗakinsa, ko ruwan kwata ne sai ka ce madalla. Balle wanda ka ɓata wa suna mako guda da ya wuce bai rama ba. Na share idona na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba." Na rubuta goma cikin goma.

Mutumin nan ya tashi ya rungume ni. Ya ce shekara nawa yana neman mai harshe a ƙasar nan, ashe yana cikin motar kaya. Daga ranar na zama ɗan kwamiti na dindindin. Duk Alhamis sai an kira ni, kuma in za a tashi sai ya ba ni kwalba biyu kyauta, ya ce in je in more. Na kai wa abokan ɗakina, kowa ya kurɓa sau ɗaya ya daina gaishe ni da fara'a. Na gwada zuba sukari, ya zama kamar an yi wa shuwaka kwalliya. Ƙarshe kwalaben suka taru a ƙarƙashin gadona har ba wurin ajiye takalmi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa na ci yabo, wata huɗu ina askin.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: kara ado ce a gidan suruki da wajen baƙunta, ban ce ki yar da ita ba. Amma ranar da aka ba ki takarda da biro aka ce faɗi abin da kika ji, ba baƙunta kika je ba, shaida aka kira ki. Ana iya faɗin "bai yi mini ba" da ladabi. Ƙarya kuma in ta yi daɗi a kunnen mai ji, ba ta ƙarewa a rana ɗaya, sai ya riƙa neman ƙari.

Kuskurena na uku shi ne babba, kuma goro ne ya jawo shi. Kin san in mutum ya ci goro ya sha ruwa, ruwan sai ya yi masa zaƙi. Wani ɗan garinmu mai gadi ya dawo daga hutu da ɗan huhun goro, sai dabara ta zo mini. Duk Alhamis kafin in shiga ofis sai in tauna ɓari guda a mota, in kurkure baki don kada a ga ja. Ɗacin goro ya riga ya mamaye harshen, bita ta zo ta tarar ba wuri. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai, har ina yi wa kaina kirari. Mista Denis ya sha gaya mana kada a ci komai mai ƙarfi, kada a sha sigari, kada a fesa turare kafin zama, sai ruwa da busasshen biskit tsakanin kofi da kofi. Na ɗauka tsirfar Turawa ce.

Sai ga babban kaya ya iso a tsakiyar zafi, irin zafin nan na Doha da kujerar mota ke ƙona cinya. Kwantenar ta yi kwanaki a tashar ruwa kafin a fito da ita. Ka'ida ita ce ranar da kaya ya shigo sito a buɗe kwalba a ɗanɗana, a sa hannu. Ranar Mista Denis na fama da mura, hancinsa a toshe, ya ce shi yau ko albasa ba zai gane ba. Mu biyu kawai aka samu, ni da Usman.

Usman ya kai hanci, ya sake kaiwa, ya kurɓa. Ya ce, "Wannan ba shi ba ne. Warin jiƙaƙƙen kwali nake ji, ɗacin kuma ya maƙale a maƙogwaro ba ya sauka. Rana ta dafa shi a hanya." Mista Denis ya dube ni. Ni da na riga na tauna gorona a mota, ko ruwan wanki aka ba ni zan ji shi daidai. Na ce lafiyarsa ƙalau, kamar kullum. Bature ya yi dariya ya dafa kafaɗar Usman ya ce, "Kai dama ba ka taɓa son sa ba. Garba shi ne masani." Aka bi maganata. Na sa hannu, da kaina kuma na rarraba kayan shaguna da gidajen abinci.

Ba a yi mako biyu ba kayan suka fara dawowa. Mai kamfanin, wanda shi ne kafil ɗinmu duka, wato takardar zaman kowa a hannunsa take, ya ce a nemo masa inda aka samu matsala. Aka ɗauko takarda. Takarda ta ce kaya ya shigo sito lafiya, ga hannun masani. Ke nan a sito ya lalace, sito kuwa na Usman ne. Aka ce ya bar na'urar sanyaya ɗaki a kashe. Aka ba shi zuwa ƙarshen wata ya bar aiki. Mutumin da ke da 'ya'ya mata biyu a jami'a a Khartoum, shi kaɗai ya faɗi gaskiya a ɗakin nan, shi ne kuma za a sallama.

Ina so in ce miki nan take na tashi na yi magana. Ban yi ba. Kwana uku na yi ina gaya wa kaina wataƙila abin zai wuce. Usman bai zo ya tuhume ni ba, da ya zo ma da ya fi mini sauƙi. Kullum sai ya gaishe ni a masallaci kamar yadda ya saba, in kasa haɗa ido da shi.

Rana ta huɗu direban Mista Denis bai zo ba, aka ce in kai shi ofishin mai kamfani. Mun hau titin Corniche, teku a gefe, jiragen katakon nan suna ta lilo a bakin ruwa, shi yana baya yana jujjuya takardar sallamar Usman. Na ga in muka isa an gama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na samu wuri na faka, na juyo na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana. Ni ban taɓa son bita ba. Ko rana ɗaya."

Ya ce, "Me?"

Na zayyana masa komai, tun daga goman farko, da kwalaben ƙarƙashin gado, da goro. Sai da na ciro ɓarin da ke aljihuna na nuna masa. Ya karɓa ya gatsa, fuskarsa ta yi irin yadda tawa ta so ta yi wata huɗu da suka wuce. Har na fara tunanin yadda zan gaya wa mamanki na dawo gida. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har da buga kujera, yana cewa, "Kuna cin wannan, kuke ce wa bita ɗaci?" Da dariyar ta lafa sai ya daina murmushi gaba ɗaya. Ya ce, "Garba, ban taɓa bukatar ka so shi ba. Ina da masu so na a gida. Harshenka na ara, ka ba ni na bogi. Yalla, tuƙa, kai za ka maimaita wannan a gaban mai kamfani, da bakinka."

Na maimaita. An cire ni daga kwamiti, an ba ni takardar gargaɗi, kuma kusan shekara ana kirana Goma-cikin-goma a sito. Usman ya tsira da aikinsa. Na same shi na ba shi haƙuri, sai ya ce, "Khalas, ya wuce. Amma kwana ukun nan da ka yi shiru sun fi mini ciwo a kan sa hannun." Har yau maganar nan ba ta bar ni ba, duk da cewa shi ne daga baya ya tsaya mini na gaje shi a sito, har na samu halin ɗauko ku.

Saboda haka ki kiyaye ka'idar aikinki ko da kin ga kamar ba ta da ma'ana, wanda ya kafa ta ya taɓa ƙonewa ne. In harshenki bai da lafiya ranar, ko kin ci yaji, ko kina mura, ki ce yau ba za ki iya ba. In kowa a ɗakin ya ce abu ya yi, ke kuma kin ji wari, ki rubuta warin. Kuma in kin yi kuskure, ki faɗa a ranar, kafin ya sami wanda zai faɗa wa a kai. Karar da ka yi wa na gabanka, sau da yawa wani na bayanka ne ke ɗaukar nauyinta.

Wani abin dariya, bayan shekara Usman ya sa aka maido ni kwamitin, ba goro ba turare. A nan na koyi abin sosai. Na gane ɗaci iri biyu ne: akwai mai tsabta, wanda ke zuwa ya gaishe ka ya wuce ya bar baki wasai, akwai na lalacewa, mai zama ya ƙi tashi. Na iya cewa wannan an yi shi da kyau, alhali ni ba na son sa. Kafin Mista Denis ya koma ƙasarsu ya ba ni kofi na ƙarshe, na ce masa launi ya yi, ƙamshi ya yi, ɗacin mai tsabta ne, amma ni da za a ba ni kunun tsamiya da na fi godiya. Ya ce wannan ce magana mafi daɗi da na taɓa gaya masa.

To ga inda duk surutun nan ya nufa. Zan riƙa kiranki, kuma na san abin da za ki ce: lafiya lau, Abba, ba komai. In lafiyar ce, alhamdu lillahi. In kuwa ɗakin da aka ba ki yana yoyo, ko wani yana takura miki, ko kin faɗi jarrabawa, ko kewa ce kawai ta hana ki cin abinci, ki faɗa mini yadda yake. Daga nan ba na ganin fuskarki, ba na ganin safarki. Abin da bakinki ya ba ni shi kaɗai nake da shi, da shi zan san addu'ar da zan yi da matakin da zan ɗauka. Kada ki yi mini kara, ni ba baƙonki ba ne.

Tunda kuma bai kamata in nemi abin da ban bayar ba, bari in fara. Na ce miki ba zan samu raka ki filin jirgi ba saboda akwai kayan da za a sauke a sito. Babu wani kaya. Na ɗauki hutun yinin tun makon jiya. Tsoro nake ji in tsaya a gabanki a cikin mutane hawaye ya ci amanata, ki tafi da wannan a ranki. Shi ya sa na ce wa mamanki kada ta ba ki takardar nan sai za ki shige ciki. Ina farin ciki da tafiyarki har cikin zuciyata, kuma tafiyar tana yi mini ciwo fiye da yadda na zata, duka biyun gaskiya ne. A lokacin da kike karanta wannan ina cikin mota a wurin ajiye motoci na filin jirgin, na biyo bayanku tun daga gida, kuma ba zan tayar da ita ba sai jirginki ya ɗaga.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare miki imaninki da mutuncinki, Ya haɗa ki da abokan zama na gari, Ya ba ki abin da kika je nema, Ya dawo mana da ke muna raye. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba